Durnaz, Matar Ɗan Dakon Kiyamari

Durnaz ba ta san shekarar da aka haife ta ba. Abin da aka gaya mata shi ne, a shekarar da fari ya ƙone dabinon ƙasarsu Makran uwarta ta saɓo ta suka shiga jirgin fatake, suka sauka Karachi da tabarma ɗaya da tukunya. A Liyari suka kafa bukka, inda duk wanda yunwa ta koro daga yamma yake kafawa. Tana tasawa ta bi uwarta sito, wurin da mata ke zama layi-layi suna tsince ƙaya da kashin awaki daga gashin tumakin da za a loda zuwa Ingila. Aikin ya ci mata farce, ya bar mata tari na dindindin, ya kuma koya mata Sindanci, yaren ƙasar, da bakin da ba a kayar da shi.

A hanyar siton ta fara ganin Shambe. Ƙato ne baƙi, mai faɗin kafaɗa, wanda dariyarsa ke riga shi shiga lungu. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Kiyamari, buhun alkama da ƙullin auduga. Ita ce ta fara ce wa uwarta in mutumin nan ya aiko kada a yi masa rowar amsa. Ya aiko, aka yi aure, suka sami ɗa suka sa masa Dilmurad.

Rayuwar ɗan dako a lokacin a yatsan helima take. Da asuba maza su taru a bakin ƙofar tasha, helima ya fito yana nuna wanda ya ga dama. Wanda aka nuna ranar gidansa an ɗora tukunya, wanda aka tsallake ya koma ya zauna yana kallon matarsa. Shambe ba a cika tsallake shi ba, don ƙarfinsa na mutum biyu ne. Da an bar su haka, da Durnaz ba ta da abin kuka sai na kowa.

Sai ga Tirat. Siriri ne kamar sillen kara, Bahindu, mai tabarau da baƙin tawada a yatsu, don jera haruffa yake yi a wata maɗaba'a. Shi ne yake zuwa teburin mai shayin 'yan dako yana karanta musu jarida, yana ce musu jirgi ba ya tashi sai da bayansu, don haka su ne masu tashar ba Bature ba. Da farko dariya suke yi masa. Daga baya suka fara tambaya. Wata rana Shambe ya jawo shi har gida ya ce a zuba masa abinci.

Durnaz ta ja mijinta gefe ta ce ya rufa mata asiri, Bahindu ba ya cin girkin Musulmi, kada ya sa baƙo ya ji kunya. Kafin ta rufe baki Tirat ya wanke hannu ya zauna. Ya ci shinkafa da busasshen kifi, ya side kwano, ya miƙo a ƙara. A nan ta ji cewa saboda wannan hali uwarsa ta ce kada ya sake taka mata ɗakin girki, shi kuma ya yi zuciya ya bar gidan gaba ɗaya.

Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Adi yake kiranta, wato yaya, ita kuma ta ƙi kiransa Kwamared yadda sauran suke yi.

"Adi, ranar da ma'aikata suka karɓi mulki, ke za mu damƙa wa tukwanen gidan gwamna."

"Kai dai ci ka tashi. Mutumin da iska ke kaɗawa shi zai ɗaga mulki? Fara da rabin buhu mu gani."

Wasa wasa, sai magana ta zama gaske. Aka kafa ƙungiya, Shambe ya zama mai riƙe jar tuta in an fita zanga-zanga, saboda ya fi kowa tsawo. Helima kuwa ya fara tsallake shi, ya nuna na damansa ya nuna na hagunsa, shi ya bar shi tsaye kamar turke. Durnaz ta yi faɗa ta yi lallashi. Ya ce ta yi haƙuri, Bature ya kusa tafiya, in ya tafi helima zai bi shi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Bature a ƙofarta ba, yunwa ce ta san hanyar gidan. Amma ba ta taɓa hana shi fita ba, kuma duk daren da aka yi taro a tsakar gidanta ita ke dafa shayin, tana kasa kunne ta bayan asabari. Abin da ta ji ba duka ta yarda da shi ba. Wanda ya shafi sito dai, ta san gaskiya ne.

Yaƙin duniya ya ƙare, tsada ba ta ƙare ba. A ƙarshen sanyin 1946 labari ya zo cewa sojojin ruwa, 'ya'yan ƙasa, sun ƙi karɓar umarnin hafsoshinsu Turawa a Bombay, kuma na Karachi sun bi sahu. Wata safiya Durnaz tana sito sai suka ji ƙarar igwa daga wajen Kiyamari, har ƙura ta zubo daga rufi. Aka ce Turawa ne suka buɗe wa jirgin yaran wuta. Kafin azahar babu wanda bai ji ba, kuma gari ya ɗau zafi. Aka yi shela gobe ba aiki, ba kasuwa, ba makaranta, kowa ya hallara a Filin Idi.

Da gari ya waye ta ba Shambe shayi da gurasa. Ya ɗauki tutarsa ya ce kafin la'asar yana gida. Daga bakin lungu ta ga wucewarsu, 'yan dako da masu amalanken raƙumi da 'yan makaranta. Wasu sun ɗaure tuta uku a gora ɗaya, koriya ta masu neman Pakistan, mai launi uku ta masu neman Indiya ɗaya, da ja. Mutanen da jiya ba sa ga maciji da juna, yau kafaɗa da kafaɗa. Har ita sai da ta ji tsigar jikinta ta tashi.

La'asar ta yi, mutane suka fara dawowa a guje, idanu jawur da barkonon tsohuwa, wasu da jini a riga. An yi jifa, an yi harbi. Wani ya ce ya ga tutar Shambe ta faɗi. Wani ya ce a'a, a motar 'yan sanda ya gan shi. Wani ya kalle ta ya sunkuyar da kai ya wuce, kuma wannan ya fi sauran tayar mata da hankali. Aka sa dokar hana fita. Daren dai ya wuce yadda ya wuce.

Washegari ta bar Dilmurad wurin maƙwabta ta nufi asibiti a ƙafa. Ta tarar da mata sun yi layi a bayan ginin, inda ake ajiye gawa. Wani dattijo ma'aikaci yana shigar da su kaɗan-kaɗan, yana ɗaga mayafi. Durnaz ta ce masa kada ya wahala da fuska, ƙafa za ta duba, don ƙullin auduga ya taɓa murƙushe wa mijinta babban yatsa, ko cikin dubu za ta gane shi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai na ƙarshe. Babu shi. Wani sanyi ya sauko mata daga ƙeya har tafin ƙafa. A daidai lokacin matar da ke bayanta ta durƙushe kan wata gawa ba tare da ta yi ko tari ba. Durnaz ta ji kunyar daɗin da ta ji. Ta tsuguna ta riƙe matar har 'yan'uwanta suka zo.

A ɗakin masu rauni ma babu shi. Ofishin 'yan sanda ba su bar ta ta matso ba. Ofishin ƙungiya an garƙame, an ce Tirat yana cikin waɗanda aka kwashe. Ta dawo Liyari ƙafafunta sun kumbura, ta tarar maƙwabta sun fara taruwa a ƙofarta, wata har ta ɗauko tabarma za ta shimfiɗa. Durnaz ta ce a naɗe ta, ba a yi mata mutuwa ba tukuna.

Kashegari da hantsi keken doki ya tsaya a bakin lungu, abin da ba a saba gani ba a unguwar. Wata tsohuwa ta sauko cikin fararen kaya na matan Hindu da suka rasa miji, ta toshe hanci da gefen mayafi saboda ƙarnin kifi, tana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa. Tana tambayar gidan matar wani ƙato mai dako. Yara suka rako ta.

"Ke ce Durnaz?"

"Ni ce, Amma," in ji ta, yadda ake kiran uwa a can.

"To ɗauko mayafinki ki zo ki ga kayanki. Ya cika mini ɗaki, ko wurin sa ƙafa ba ni da shi."

Durnaz ta dafa bango. Da ƙyar ta iya tambayar ko da ransa.

"Gawa ce za ta kwana tana kiran sunanki har maƙwabta su san shi? In ba don haka ba ina zan san wadda zan nema?"

Sai Durnaz ta saki bangon. Ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska, ta yi kukan da ta hana kanta tun shekaranjiya. Tsohuwar ta tsaya tana jira, ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma hanzarta ta ba.

A cikin keken ta ji sauran labarin. Sunan tsohuwar Parpati, ita ce uwar Tirat. Ta ce tana zaune a gidanta na unguwar Mitadar sai ga ɗan nan nata da ya yi shekaru bai leƙo ta ba, ko gaisuwa babu, shi da wasu sun kinkimo mutum suka shimfiɗe mata a tsakar ɗaki. Abin da ya ce kawai, wannan ɗan'uwansa ne, kada ta bari a kai shi asibiti don 'yan sanda na can suna tsince masu rauni. Ya juya ya koma filin, a can aka kama shi. Ta ce ba za ta ɓoye ba, da farko ta yi niyyar kiran maƙwabta su fitar da shi waje. Amma jini na malala, mutumin kuma yana ba ta haƙuri don ya ɓata mata daɓe. Sai ta aika aka kira likitan danginsu, ta sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Harsashin ya ratsa tsokar cinya ya fita, bai taɓa ƙashi ba.

Durnaz ta cire takalmi a ƙofa ta shiga. Yana kwance ya rame a kwana biyun nan, leɓe a bushe, amma zazzaɓin ya sauka. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin tashi.

"Uwar Dilmurad, da kin ga filin nan. Tuta uku a gora ɗaya."

Ta zauna ta ɗora hannu a goshinsa. Can ta ce, "Ka ce kafin la'asar."

Likita ya hana a motsa shi, don haka Durnaz ta riƙa zuwa kullum bayan sito. Parpati ta ware musu kofi da kwano nasu, ta ajiye a kan taga, kuma duk inda suka zauna sai ta bi da ruwa bayan sun tashi. Durnaz ba ta ji haushi ba. Ta ce wadda ta ba mijinta ɗaki ai ta gama komai, sauran al'ada ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sannu a hankali hira ta shiga tsakaninsu, kuma yawancinta tsegumin Tirat ne. Parpati ta ce tun yana yaro ba ya cin abinci sai an bi shi da kwano. Durnaz ta ce to a gidanta sai an ɓoye tukunya. Sai tsohuwar ta tambayi abin da take dafa masa. Ranakun ziyara tare suke zuwa kurkuku, kowacce da ƙunshinta, su tsaya a rana cikin matan fursunoni. Bayan watanni aka saki Tirat, ya koma gidan uwarsa da zama, ba wanda ya ta da tsohuwar magana.

Shambe ya warke da ɗan ɗingishi ya koma tasha. Shekara ta zagayo, Turawa suka tattara. Ranar da aka ɗaga tutar Pakistan Liyari ta cika da kiɗa, Durnaz ma ta fita ta yi rawa da mata, don ta ce ko ba komai ta ga bayan masu igwa. Shambe da kansa ya loda akwatunan sojan Turawa a jirgi, ya dawo yana cewa bai taɓa ɗaukar kaya mai daɗin wannan ba. Amma da ya je ƙofa da asuba, helima na nan inda yake, sai dai ya sauya hula. Kuma jiragen da ke shigowa cike suke da Musulmi da aka koro daga Indiya, waɗanda ke fita cike da Hindu da ke barin nan. Mutanen da suka ɗaure tuta a gora ɗaya suka fara kallon juna ta wutsiyar ido.

A farkon sabuwar shekara rikici ya ɓarke a cikin gari, aka fasa shaguna, aka shiga gidaje. Da labari ya iso Liyari, Shambe da 'yan ƙungiya suka tafi Mitadar suka zauna a bakin lungun Parpati da ƙugiyoyin dakonsu a kan cinya. Ba su yi faɗa da kowa ba. Masu zuwa in sun hango su sai su canza hanya. Lungun ya tsira, amma tsohuwar ta riga ta yanke shawara. Ta ce ba za ta ƙare kwananta ana gadinta kamar sito ba, za ta tafi wurin 'yarta a Bombay. Tirat ya ce shi ba inda za shi, a Sindh aka haife shi, kuma in duk masu jar tuta suka gudu wa zai tsaya wa 'yan dako. Uwa ta yi kuka, ta yi zagi, ta haƙura.

Durnaz ce ta raka ta Kiyamari. Tashar ta cika maƙil, mutane zaune kan kayansu a rana, masu bincike suna zazzage akwatuna. Shambe ya ɗora akwatin tsohuwar a ka ya ratsa taron, 'yan dako suna buɗe masa hanya, har cikin jirgi. Har Parpati ta bar ƙasar ba ta taɓa shan ruwa a kofin Durnaz ba. Amma a gindin tsanin jirgi ta juyo ta rungume ta a gaban jama'a, ta ƙanƙame ta da ƙarfin da Durnaz ba ta zaci tana da shi ba.

"Ki riƙa ba shi abinci. In ya ce ya ƙoshi ƙarya yake."

"Wannan kam ba sai kin faɗa ba, Amma."

Makonni suka wuce ba labari, ga jita-jita iri-iri game da sansanonin da ake sauke mutane a can. Durnaz ta fi Tirat damuwa, ko kuma ta fi shi nunawa. Sai wani ma'aikacin jirgin Bombay, ɗan Liyari, ya biyo da saƙon baka. Ya ce wata tsohuwa ta tare shi a tashar can, ta ce a gaya wa mutanen Karachi ta isa, surukinta ya ɗauke ta, ruwan Bombay ba daɗi, kuma kayan miyarsu ba su da ƙamshi. Tirat ya cire tabarau yana goge ido yana dariya. Durnaz ta ce tunda ta fara ƙorafi, lafiyarta ƙalau. Ranar ta dafa shinkafa mai zaƙi ta raba wa lungu.

Sauran shekarun ba su zo da sauƙi ba, amma sun zo da dama-dama. Sabuwar gwamnati ta haramta jam'iyyar su Tirat, ya riƙa shiga kurkuku yana fita kamar mai zuwa ganin gida. Shambe ma an taɓa ɗauke shi, ya dawo da furfura da ƙaiƙayi. Matan sito suka yi nasu yajin aikin a kan ƙurar da ke kashe su, kuma Durnaz, wadda ta sha cewa ba ruwanta da siyasa, ita aka tura ta yi magana da mai siton, don an san bakinta. Aka fasa bango aka yi musu tagogi, aka kawo randar ruwa. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma ta ce a rayuwarta wannan ne karo na farko da ta nemi abu a wurin mai kuɗi da baki ba da roƙo ba. Dilmurad ya girma ya gaji ƙugiyar ubansa, ya yi aure, kuma a zamaninsa ne ƙungiya ta fara karya yatsan helima.

Shambe ya rasu a gida, a kan gadonsa na igiya, bayan ciwon ƙirji na wata guda. Kansa na kan cinyar Durnaz, ya yi kalmar shahada da bakinsa. Ta yi kuka, amma waɗanda suka zo gaisuwa sun lura akwai natsuwa a fuskarta. Ta ce wa surukarta shekaru da yawa tana tsoron a kawo mata shi a kan ƙyaure, ko kuma kada a kawo shi sam, ga shi Allah Ya ba ta shi har ƙarshe.

Da aka zo ɗaukar gawa sai gardama ta tashi a ƙofa. 'Yan ƙungiya suna so a lulluɓa jar tuta a kan makara, liman ya ce shi ba zai sallaci tutar waɗanda ba su san Allah ba. Murya ta fara tashi, Tirat yana tsaye can gefe. Durnaz ta matso bayan asabari.

"Malam ya yi sallarsa yadda aka saba. Ku kuma tutar ku riƙe ta a hannu, ai shi ma a hannu ya riƙe ta. Ku ɗauke shi, rana na yi."

Aka yi yadda ta ce. Ranar 'yan dako sun ajiye aiki ba tare da sun nemi izinin kowa ba, lungu ya cika har bakin gada. Ta leƙa ta ga yawansu, ta juya ta ce wa surukarta ta aro manyan tukwane a maƙwabta a ɗora shayi, don mutanen nan za su dawo da ƙishi.